Kwamin Kifin Baba

A shekarar 1991 aka mayar da mahaifinmu aiki Kura, muka tare a wani gida da ke bakin gari, ta hanyar da ake bi a fita gonakin rani. Gidan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, ɗaki uku ne da zaure da madafa ta langa-langa, amma filin bayansa ya fi gidan kansa girma. Baba malamin gona ne, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin ƙasa a kwance haka kawai. Kafin damina ta zagayo ya kewaye filin da darni, ya dasa gwanda da gwaiba da zogale, ya ja kunyoyin alayyafo da yakuwa da tattasai. Wata rana bayan la'asar kuma sai ga shi da igiya da turaku, ya auna mita shida a tsaye, huɗu a kwance, ya ce nan za a haƙa kwamin kifi.

Inna ba ta so ba, kuma tana da gaskiyarta. Ga goyo a bayanta, ga ƙanina da ya fara tatata, ga sauron Kura da ba ya buƙatar a ƙara masa masauki. Ta ce, "Malam, kifin da ake kawo mana har ƙofar gida daga Tiga, shi ne sai mun haƙa masa rijiya a cikin gida?" Baba ya yi mata alkawarin shinge mai ƙyaure da kwaɗo, ya kuma ce ruwan da kifi ke ciki ba ya tara sauro, don 'ya'yan sauron ma abincinsu ne. Na farkon ya cika shi tun kafin a zuba ruwa. Na biyun kuwa sai daga baya muka gani da idonmu.

A wancan lokacin kiwon kifi a gida baƙon abu ne a ƙasar Kano. Kifi na masunta ne, na waɗanda suka gaji taru da koma da birgi, ba na mai albashi ba. Gwamnati ta daɗe da fara abin, tun 1951 aka kafa gonar kifi a Panyam ta Filato, amma labarin bai shigo tsakar gidan talaka ba. Abin da ya sauya yankinmu shi ne madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, da magudanan da suka kawo ruwa Kadawa da Kura da Bunkure rani da damina. Ga kuma wurin ƙyanƙyasar kifi a Bagauda, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Baba ya haɗa waɗannan a ransa, ya ga babu abin da zai hana.

Ranar da aka gama haƙa rami, zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum, sai ga Kawu ya zo daga Wudil. Ƙanin kakarmu ne, mahaifiyar Baba, masunci tun tasowarsa, mu ma Kawu muke ce masa don haka muka ji Baba yana faɗa. Ya tarar magini yana ba da shawara a yi wa ƙasan ramin daɓe da makuba don kada ruwa ya tsotse. Kawu ya tsaya ya dogara sandarsa, ya dubi Baba ya ce, "Ɗan nan, in ka bari aka zuba makuba a nan, to kabari ka haƙa musu." Makuba dai ɓawon ɗorawa ce da ake jiƙawa a yi daɓe, ta sa ƙasa ta yi ƙarfi da sheƙi. Amma ita ce kuma wasu ke zubawa a gulbi idan ruwa ya ja, kamar yadda suke yi da magimfa, kifi ya bugu ya taso a kwashe babba da yaro. Kawu ya tsani masu yin haka, ba ya ma kiransu masunta. Da laka zalla aka yi daɓen, aka tattake ta da ƙafa aka bubbuga da madaɓi. Bangon kuwa bulo ne da shafen siminti.

Shi ma simintin sai da aka cire masa kaifi. Sabon siminti yana sakin wani abu mai zafi irin na farar ƙasa cikin ruwa, wanda ke ƙona fatar kifi da jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi. Aka cika kwamin, aka sassara kututturan ayaba aka jefa, aka bar su suka ruɓe har wajen mako uku, sannan aka kwashe ruwan aka wanke bango aka sake cikawa daga rijiya. Baba bai yarda a jawo ruwan magudana kai tsaye ba. Ruwan ya bi ta gonakin shinkafa ya kwaso yuriya da kamfa, ga kuma ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, ciwon da ya addabi yaran yankin masu wanka a magudana. In dole ta kama a ɗebo shi, to sai an tace da tsohon gidan sauro.

'Ya'yan karfasa saba'in ya sayo daga Bagauda, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, a cikin leda mai ruwa da aka hura wa iska aka ɗaure. Lissafinsa biyu zuwa uku ne a kowace murabba'in mita. Bai juye su nan take ba, sai da ya ɗora ledar a kan ruwan kwamin ta yi ta yawo har ɗumin ciki da na waje suka daidaita, sannan ya kwance bakin ya karkata, suka fita da kansu. Makon farko muna ganinsu tar har ƙasa, mu kwanta rub-da-ciki a bakin kwami muna ƙirgawa.

Sai Baba ya yi abin da ya ɗaure wa kowa kai. Ya ɗebi busasshen kashin kaji a buhu, ya ɗaure bakin, ya rataya a kusurwar kwamin ya nutse rabi. Cikin 'yan kwanaki ruwan nan mai haske ya fara sauya launi, ya yi tsanwa-tsanwa, kifin suka ɓace mana. Inna ta leƙo ta riƙe haɓa ta ce, "Shi ke nan, ruwa ya lalace, gansakuka ta kama shi." A saninta, da sanin kowace mace mai tsafta, gansakuka alamar ƙazanta ce: ita ke kama gindin randa da bakin rijiya da bangon makewayi, maganinta kuma toka da soso.

Baba ya ɗebo ruwan a kofin gilashi ya ɗaga a rana ya nuna mana. Babu zare, babu ganye, kore ne kawai a narke. Ya ce tsirrai ne ƙanana da ido ba ya iya ware ɗaya daga ɗaya, suna rayuwa da hasken rana da takin da ke cikin ruwa, daidai da yadda alayyafo ke yi a kunya. Karfasa tana buɗe baki ta tace su ta haɗiye, ƙananan ƙwarin ruwa su ma su ci, 'ya'yan kifi kuma su ci ƙwarin. Wato koren nan shi ne kiwon da kifin ke yi duk yini, dusar da muke watsa musu ƙari ce kawai. Inna ta saurara ta ce ta ji, amma kada wanda ya kuskura ya sa mata kofin nan a cikin kwanukanta.

Abin da Baba bai iya ba a farko shi ne sanin iyaka. Takardunsa sun ce a sa taki, ba su tsaya a kansa suna ce masa ya isa ba. Kawu ne ya kawo ma'aunin, shi da bai taɓa kiwon kifi ba, sai dai ya san ruwa. Ya naɗe hannun rigarsa ya tsuguna, ya zura hannu a hankali, tafin yana kallon sama, yana motsa yatsu. Ya ce in ruwa ya kai gwiwar hannu kana ganin tafinka sarai, ruwan yana jin yunwa, a ƙara masa. In tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya taɓa gwiwar hannu, to a bar shi haka. In kuwa tun daga tsintsiyar hannu ka daina ganin yatsunka, ruwan ya ƙoshi har ya ƙware, a cire buhu, a rage dusa, a sauya ruwa. Bayan shekaru, a makaranta, na haɗu da wannan awo a wata siffa: farin faifai da ake saukarwa da igiya har ya ɓace wa ido, wanda wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara aiki da shi a 1865. Masana kiwon kifi sun fi son faifan ya ɓace a wajen santimita 30 zuwa 40. Ka auna daga gwiwar hannunka zuwa tafi ka gani.

Aikin zura hannu ya dawo kaina, da yake ni ne babba a maza. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na je na auna na zo na faɗa wa Baba yana karyawa. Da bazara ta kama, Maris da Afrilu, zafin nan da ke haura 40 a ma'auni, sai in ga hannuna yana ɓacewa da wuri kullum. Rana tana ƙafar da ruwan, takin da ke ciki bai bi tururi ya tafi ba, sai dai ya ƙara kauri, ga haske tun safe har magariba. Ruwan ya koma kamar miyar kuka.

Baba ya kafa rumfa a kan rabin kwamin ta ɓangaren yamma, ya shimfiɗa zana, daga baya ya sa soso ya hau kanta. Wani ya ba shi shawarar ya dasa dalbejiya a baki don inuwa, ya ƙi. Ganye zai yi ta zuba yana ruɓewa a ƙasa, ruɓaɓɓen ganye kuwa taki ne, ga ɗacin dalbejiya da kifi ba ya so. Sai kuma kainuwa. Mun ɗebo ta a kududdufin bayan gari, Baba ya sa muka wanke saiwar ɗaya bayan ɗaya saboda katantanwa da ƙwanta, sannan ya haɗa tukurwa huɗu ya yi mata ɗan shinge mai yawo a kan ruwa, ta zauna a ciki. Dogayen saiwoyinta suna tsotse takin da gansakuka ke nema, ganyenta kuma yana tare hasken. Amma kainuwa ba ta san godiya ba. Ka ɗauke ido kwana goma ta tsallake shingen ta rufe ruwan ruf, ta hana shi haske da iska gaba ɗaya. Duk Juma'a sai mun kwashe rabi mun binne a gindin gwanda. Kashi ɗaya cikin uku na fuskar ruwa, nan Baba ya tsayar mata. Yakan ce duk wanda ya ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ba zai yi wasa da ciyawar ruwa ba. Akwai ma wata mai fure shuɗi-shuɗi mai kyan gani, wadda ta shigo Najeriya ta Badagry a 1984 ta hana jiragen kwale-kwale sakat a Legas. Wani abokinsa ya kawo masa ita don ado, bai bari ta kwana a gidan ba.

Da haka muka ci shekara biyu lafiya. Abin da ya same mu a damina ta uku ne, cikin Agusta, makon sunan ƙanwarmu.

Gida ya cika da 'yan suna daga Wudil da Gaya. Rijiya tana cikin lambu, don haka can mata suka kai wanke-wanke. Ragowar tuwo, ƙanzon shinkafa, sauran kunu, duk wanda ya zo da kwano sai ya kife a kwami. Na ji wata gwaggonmu tana dariya tana cewa, "A ba kifin Malam su ma su ci suna." Babu wanda ya yi da mugunta, Baba kuma yana zaure da baƙi. Kashegari marka ta sauka. Kwana uku ba a ga rana ba, yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ruwan ya wanko gindin akurkin kaji ya gangaro da shi cikin kwamin.

Da asuba Baba ya dawo daga masallaci ya biya lambu da tocila kamar yadda ya saba. Muryarsa ce ta tashe mu. Na fito na tarar da fuskar ruwan cike da bakuna, karfasa sun taso gaba ɗaya, kowacce ta ɗaga kai tana buɗe baki tana rufewa a daidai inda ruwa ya haɗu da iska. Ko da aka haska su ba su gudu ba, su da inuwar mutum kawai ke sa su nutse. Wasu manyan sun riga sun kife, farin cikinsu a sama. Ruwan kuma ya bar kore ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana wani irin wari.

Baba ya ce, "Guga! Kowa ya ɗauko abin ɗiba!" Ni da yayata muka kama jan ruwa daga rijiya muna watsawa daga sama don ya faɗo da ƙarfi. Shi ya shiga har ƙugu da ƙwarya yana ɗiba yana cillawa sama, yana dukan ruwan da gora. Kawu, da bai koma Wudil ba tukuna, ya zare toshiyar bututun da ke ƙasan kwamin don baƙin ruwan gindi ya fita. Har Inna da ɗanyen jego ta fito ta tsaya a bakin shinge tana miƙo bokiti. Sai da hantsi ya yi, gari ya ɗan washe, sannan kifin suka fara komawa ƙasa. Mun yi asarar kusan rabi, kuma manyan ne, don babban kifi ya fi buƙatar iska. 'Yan tarwadar da Baba ya saka tare da su kuwa ko a jikinsu. Ita Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari, shi ya sa take rayuwa a taɓo inda karfasa ba za ta kai awa ɗaya ba. Waɗanda aka tsamo da sauran motsi aka gyara aka yi banda, 'yan sunan da suka rage suka tafi da tsarabar da ba a shirya ba.

Da dare Baba ya zaunar da mu ya warware abin. Gansakuka da rana tana fitar da iskar oksijin cikin ruwa, har ta wadaci kifi. Da rana ta faɗi sai ta daina fitarwa ta koma shaƙa, ita da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazantar ƙasa, kowa na ja daga abin da aka tara da rana. Saboda haka iskar ruwa ta fi ƙaranci gab da fitowar rana. In koren daidai ne, abin da aka tara yakan kai safe. In ya yi kauri, masu shaƙa sun yi yawa. To ga kwana uku babu rana balle a tara, ga tuwon suna yana ruɓewa, ga gansakukar kanta ta rasa haske ta mutu ta bi sahun masu ruɓewa. Ban taɓa mantawa da wannan ba, don tun daga ranar na daina yarda da kwamin da aka nuna mini da azahar. Da azahar kowane kwami lafiyayye ne.

Wani maƙwabcinmu, malamin makaranta da ya kwaikwayi Baba ya haƙa nasa, ya ga abin da ya faru ya tsorata. Ya je kasuwa wani mai sayar da maganin feshi ya auna masa wani gishiri shuɗi, sinadarin jan ƙarfe, ya ce shi ne maganin gansakuka. Gaskiya ya faɗa, yana kashe ta. Kwana biyu ruwan ya yi garau, malam ya zo yana ba Baba labari da murna. A na uku ya kwashe kifinsa da kwando. Gansakukar duka ta mutu lokaci ɗaya ta zube ƙasa ta ruɓe ta shanye iskar, ga shi kuma sinadarin kansa guba ne ga kifi, musamman a ruwan sama da ruwan rijiyar da ba shi da gishirin ƙasa sosai. Ko da kifin sun tsira, takin da ya haifi gansakukar yana nan bai je ko'ina ba, mako biyu za ta dawo. A ganina duk maganin da ake zubawa a kwamin gida don kashe kore asarar kuɗi ne in an yi sa'a, in ba a yi ba kuma asarar kifi.

Dokokin da Baba ya kafa bayan sunan ba su da yawa, kuma kusan duka a kan hannun mai ba da abinci suke. Dusar masara ko ta shinkafa da ɗan garin ƙuli-ƙuli, a kusurwa ɗaya, sau biyu, da hantsi da la'asar. Abin da ba su cinye cikin kwata na awa ba ya yi yawa, gobe a rage. Ranar da gari ya lumshe ba a ba su komai. Ya nuna mana cewa daga sinadarin gina jiki da ke cikin abincin kifi, abin da ke zama tsoka bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana komawa ruwa, can gansakuka ke jiransa. Ruwa kuma ba a sauya shi duka, sai kwata, kuma daga ƙasa. Aka ɗaga bakin kwamin da bulo ɗaya don kada ruwan tsakar lambu ya sake gangarowa, aka mayar da akurki can ƙarshen darni. Ƙyauren shinge kuwa, makullinsa ya koma aljihun Baba duk ranar taro.

Hunturu nasa salon daban ne. Daga Disamba zuwa Janairu kifin sukan lafe a ƙasa, ka watsa dusa ta yi ta yawo babu mai taɓawa, don karfasa ba ta son sanyi, cinta yana raguwa sosai. Koren ruwan yakan sirance, haske ya kai gindi, sai wata irin gansakukar ta samu dama, mai dogayen zare da santsi, ta kama bango ta miƙe ta yi curi-curi. Wannan ba ta da wani amfani a wajenmu, 'ya'yan kifi ma sarƙewa suke a cikinta. Maganinta karan dawa ne mai kaushi. Ka zura ka yi ta murzawa tana naɗewa, ka ɗago da nauyi ka zare ka jefa a bokiti. Hannu ya yi ta ƙanƙara, amma mu yara wasa muka ɗauke shi, har gasa muke yi. Agwagin Inna su ci rabonsu, sauran a kai kunya.

Wadda Baba yake tsoro da gaske ita ce ta tsakiyar zafi, wani kauri mai sheƙi, kore mai ratsin shuɗi, da ke tasowa sama iska ta tara shi a kusurwa ɗaya yana wari. Cikin irin wannan akwai masu dafi da ke lalata hanta, an san suna kashe dabbobin da suka sha. Da ya gan ta sai ya hana akuya zuwa wajen, ya sa mu yaye ta da gidan sauro mu binne, a cire buhun taki, a ƙara sabon ruwa. Ita ce kuma ke sa naman kifi ɗanɗanon taɓo. Inna ta gano dabarar wannan da kanta: kifin da za a ci sai ya yi kwana biyu ko uku a baho cikin ruwan rijiya ba abinci, ɗanɗanon ya fita. Abin mamaki, wata 'yar uwar wannan gansakukar abinci ce a Chadi. Matan Kanembu suna yayo ta daga tafkunan kanwa na yankin Kanem, su zuba a ɗan rami cikin yashi ta tsane ta bushe, su yanka gunduwa-gunduwa su kai kasuwa, a sa a miya. Dihe suke ce mata, kamfanonin Turai da Amurka kuma suna sayar da irinta da sunan sifirulina. Wannan ruwan kanwa ne na musamman, kada wani ya ji ya je ya yayo ta kwaminsa.

Karfasa kuwa ba ta bar mu da saba'in ba. Wata rana Kawu ya sa koma ya kamo wata 'yar madaidaiciya, maƙogwaronta a kumbure. Ya ce in kawo ƙwarya da ruwa. Ya riƙe ta a hankali ya buɗe bakin da babban yatsa ya tsoma, sai ga 'ya'ya suna zubowa, ƙanana baƙaƙe-baƙaƙe, ido ya fi jiki, sun fi ƙarfin ƙirga. Namijin ne ke share ɗan gurbi a laka, macen ta saka ƙwai ta kwashe a baki, ta riƙe su wajen mako biyu ba ta ci ba, har bayan sun ƙyanƙyashe in sun ji tsoro bakinta suke komawa. Abin sha'awa ne, amma shi ne matsalar karfasa a kwami: tana fara haihuwa tun tana ƙarama, su cika wuri, abinci ya gaza, kowa ya tsumbure. Dalilin da ya sa Baba ya saka tarwada goma ke nan, su riƙa rage 'ya'yan. Sauran ragin kuma zalɓe da guza suka ɗauki nauyinsa ba tare da an roƙe su ba.

Ban ce kwamin nan ya taɓa mayar da kuɗin simintinsa ta hanyar kifi ba. Muna cin karfasa soyayya jefi-jefi, a aika wa maƙwabta, shi ke nan. Ribar tana wajen ruwan. Baba ya ja 'yar hanya daga bututun ƙasa zuwa kunyoyi, duk kwatan da aka zubar can yake tafiya, ga gansakuka da kainuwar da muke binnewa, ga baƙar lakar da ake kwashewa sau ɗaya a shekara. Alayyafon lambun nan ganyensa ya fi tafin hannu, kuma Baba bai ƙara sayen takin zamani don lambu ba. Inna da ta ƙi abin tun farko ita ta koma aika ni in buɗe bututu in yakuwarta ta yi yaushi, don kuɗin ganyen da na gwanda nata ne.

A 1998 aka sake yi wa Baba canjin wurin aiki, wanda ya gaje mu a gidan ya cike ramin ya yi ɗaki. Yanzu kiwon kifi ya shiga unguwanni, Najeriya ce ma kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka. Kusan kowa tarwada yake sakawa, ɗaruruwa a tankin roba ko na tamfol, da abincin buhu irin su Coppens mai tsada, ana sauya ruwa kusan kullum. Sana'a ce mai kyau, ta rufa wa matasa da yawa asiri. Abin da ke ba ni takaici shi ne inda ruwan ke zuwa. Ana sakinsa a kwata, ya kwanta a lungu ya yi kore ya yi wari, sauro ya samu gida tunda can babu kifin da zai ci shi, maƙwabta su kai ƙara wajen mai unguwa. Taki ne tsantsa da aka saya da kuɗi ake zubarwa.

Ga mai ɗan fili a bayan gida da ke sha'awar abin don cefanen gidansa, ni karfasa zan ce ya saka, da tarwada kaɗan, ya bar ruwan ya yi korensa daidai gwiwar hannu. Ya ja bututun zuwa gindin zogale ko ayaba ko 'yar kunyar ganye. Ya riƙa leƙa kwamin bayan sallar asuba, musamman a watan Agusta. Kuma don Allah, kafin a zuba ko bokiti ɗaya na ruwa, a fara yin shinge mai ƙyaure da kwaɗo, saboda yara.